Ko Loma Ɗaya Ce, Ki Ɗanɗana: Amsar Wasiƙunku Kan Abincin Malesiya

Assalamu alaikum masu karatu. Tun ranar da na ambata a wannan fili cewa na yi zaman shekara shida a Serdang, cikin jihar Selangor ta ƙasar Malesiya, lokacin da maigidana yake karatu a Jami'ar Putra, wasiƙu suke ta shigowa a kan cimar mutanen can. Yawancinsu daga masu shirin tafiya ne, ko iyayen da 'ya'yansu suke can. Na ɗauki biyar a wannan watan. Duk abin da zan faɗa a kan Malayawa ne, wato ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar. Sinawa da Indiyawan da suke zaune tare da su kowa da tukunyarsa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Wata huɗu da aurena maigidana ya samu gurbin karatu a Malesiya, bayan Sallah zan bi shi. Matar wansa ta taɓa zuwa, ta ce min abincinsu ba ya ciwuwa, komai sukari, komai kwakwa, ga ƙarni. Ta ce in cika jaka da garin tuwo da kuka, in na je in rufe ƙofata. Ni kuma ko kifi ban cika ci ba. Me kike gani? Daga wata amarya, Zariya.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya sanya albarka a auren, ya kai ku lafiya. Kuka ki ɗauka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yajinki na gida, ki ƙulle su da kyau. Garin tuwo kuwa kada ki wahalar da kanki. Garin shinkafa yana kowane shago, tepung beras ake ce masa, gero ma za ki samu a shagunan Indiyawa na unguwar Brickfields a Kuala Lumpur da sunan kambu. Kilishi da dambun nama ki bar su a gida, dokar shiga da nama ƙasar tana da tsauri. Har nan ni da faccalarki bakinmu ɗaya. Maganar rufe ƙofa ce ban yarda da ita ba.

Satinmu na biyu da sauka, wata dattijuwa da ƙofarmu take kallon tata ta aiko jikarta ta kira ni. 'Yar jihar Kelantan ce, Mak Cik nake ce mata, kamar ki ce Inna ko Gwaggo. Na shiga, ta kawo shayi da faranti cike da wasu ƙananan dunƙule koraye, an mirgina su cikin gogaggiyar kwakwa. Na yi abin da aka tarbiyyantar da mu a kai: na sunkuyar da kai, na ce na gode, na ƙoshi. Ta sake turo farantin, na sake janye hannu. Sai na ga fara'ar fuskarta ta ɗauke. Ta ɗaga farantin da hannu biyu har gabana ta ce, "Jamah sikit." Jikar ta ce min, wai ko taɓawa ce ki yi. Na ɗauki ɗaya na sa a baki. Ina taunawa ya fashe, narkakkiyar mazarƙwailarsu, wadda suke kira gula Melaka, ta cika min baki da ɗuminta. Onde-onde ke nan, garin shinkafa mai danƙo da ruwan pandan, wani koren ganye mai ƙamshi. A take dattijuwar nan ta saki rai, ta dafa kafaɗata.

A wurinmu kunya ita ce baƙo ya janye hannu. A wurinsu ladabi shi ne ya ɗanɗana. Tsofaffinsu suna da wani camfi da suke kira kempunan: wanda aka yi wa tayi ya ƙi, ko ya fita da kwaɗayin abu a ransa, wai tsautsayi zai iya tarar da shi a hanya, shi ya sa ko ƙwayar shinkafa ce sai an sa ka taɓa. Ban ɗauki camfin ba, ke ma kada ki ɗauka. Amma ki duba abin da yake zuciyar matar nan: tsoro take kada wani abu ya same ni bayan na bar ɗakinta. Ita ce daga baya ta zauna da ni a asibiti ranar haihuwata ta fari, ita ta yi ta dafa min kifi da citta da masoro har na yi arba'in. Da na rufe ƙofa, da wa zai yi min wannan, uwata tana can nesa, tsakaninmu da ita har agogo ya bambanta da awa bakwai? Gaisuwarsu ma ta yau da kullum "Dah makan?" ce, kin ci abinci?

Ƙarnin da aka gaya miki gaskiya ne, sunansa belacan. Ƙananan jatan lande ne ake cuɗawa da gishiri, a shanya, a daka, a bar shi ya yi kwanaki yana nuna, sannan a dunƙule. Ranar farko da Mak Cik ta gasa shi a wuta sai da na rufe tagogina. Ranar da ni kuma na daka daddawa zan kaɗa kuka, ita ma ta leƙo tana tambayar me ya lalace a ɗakina. Muka ɗora nata da nawa a faifai ɗaya muna shinshinawa, muka gane aikinsu ɗaya ne a tukunya: ɗan kaɗan ake sawa, ƙarnin ya ɓace a wuta, ɗanɗanon ya zauna. Daddawarsu ce, ba wani abu ba.

Sukari kuwa ba zan kare su ba, suna wuce gona da iri. Har a miyar barkono suna zubawa, shayinsu na teh tarik kuma madarar gwangwani ce mai kauri. Binciken lafiya na ƙasar na 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na manyansu yana da ciwon sukari. Ki haddace kalma biyu tun daga jirgi: kurang manis, a rage zaƙi. In ruwa kawai kike so ki ce air suam, za a kawo miki mai ɗumi.

Tunda ba ki son kifi, ki fara da abin da ya yi kama da na gida. Ki sa maigida ya kai ki garin Kajang ki ci sate, tsire ne a siraran tsinke, sai dai gyaɗar da mu muke barbaɗawa ƙuli-ƙuli su miya suke yi da ita a tsoma. Serunding dambun nama ne sak, na Kelantan ya fi suna. Kerabu kwaɗo ne, ulam kuma ɗanyen ganye ne da ake ci da shinkafa. In bakinki ya saba, ki sayi ƙunshin nasi lemak da safe a bakin titi: shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa da ganyen pandan, da jar miyar barkono, da soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifi, da rabin dafaffen ƙwai da kokwamba, duk a cikin ganyen ayaba. Ki ture kifin gefe in kin ga dama. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar karin kumallon Malesiya cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, wannan ƙunshin kuwa shi ne kan gaba.

In azumi ya zagayo kina can, ki soya ƙosai ki aika wa maƙwabta kafin magariba. Farantinki ba zai dawo wayam ba. Nawa ya sha dawowa da bubur lambuk, faten shinkafa da nama da madarar kwakwa da kayan ƙamshi, irin wanda masallacin Kampung Baru na Kuala Lumpur yake dafawa a manyan tukwane yana rabawa kyauta kullum da la'asar.

TAMBAYA: Mama ina gaisuwa. Ina karatu a Sintok, jihar Kedah. Abokina ɗan ƙasar ya ce in bi shi ƙauyensu mu yi ƙaramar Sallah. Ina tsoron in yi abin kunya a gaban iyayensa. Yaya ake cin abinci a gidajensu? Daga wani ɗalibi ɗan Katsina.

AMSA: Ɗana, ka je, kada ka yi Sallah kai kaɗai a ɗakin makaranta. Wannan komawa ƙauye da suke yi, balik kampung, ita ce babbar hidimar shekararsu, wanda ya ɗauke ka kuwa ya ɗauke ka ɗan'uwa.

Takalmi a bakin matakala ake barinsa. Ka gaida mahaifinsa da hannu biyu, ka mayar da hannunka ƙirji. Za ka ga abokinka ya durƙusa ya sumbaci hannun iyayensa yana cewa "maaf zahir dan batin", neman gafarar abin da ya bayyana da wanda ya ɓoyu. Kai ma ka faɗa, za su ji daɗi. In za ka gifta gaban manya ka ranƙwafa, ka sauke hannun dama ƙasa. In za ka nuna abu, da babban yatsa ake nunawa, sauran a dunƙule.

A ƙauye a tabarma ake ci. Namiji ya harɗe ƙafa, mace ta naɗe ƙafafunta gefe ɗaya. Za a zagayo da 'yar buta a kan mazubinta, ka wanke hannun dama. Kada ka kai hannu sai mai gida ya ce "jemput makan", bismillah ke nan, kuma babba ya fara. Ga inda muka bambanta: mu kwano ɗaya muke haɗuwa a kai da tuwo da miyarsa, su kowa da farantin shinkafarsa, miya da nama da ganye suna tsakiya a ƙananan kwanoni. Kaɗan-kaɗan ake ɗiba da cokali, a ci a ƙara. Kada ka kwashe rabin kwano a zuwa ɗaya, kada kuma ka sa hannun da kake ci da shi a cikin na tsakiya. Da hagu ake riƙe cokalin ɗiba tunda dama ta ɓaci, ba wanda zai ga laifinka. Loma da kan yatsu ake yinta, babban yatsa ya tura ta baki, tafin hannu ba ya ɓaci. Ba a mulmulawa kamar tuwo. A wasu walimomi za ka ga mutum huɗu a babban tire ɗaya, wannan kam ka san shi tun daga gida, ka ci gabanka.

Da safen Sallah za ka ci ketupat, shinkafar da ake ɗurawa cikin saƙaƙƙen ganye a tafasa har ta dunƙule. A Kedah mai kusurwa uku suka fi yi, da shinkafa mai danƙo. Akwai lemang, shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da ake ɗurawa cikin gora bayan an shimfiɗa ganyen ayaba a ciki, a jingina gorar a gefen wuta awa huɗu zuwa biyar ana juyawa. In ka ga maza a bayan gida daren jajibere suna wannan aikin, ko suna tuƙa dodol, wata alewarsu mai danƙo, a ƙaton kasko, ka tuɓe riga ka karɓi muciya. Gayya ce, gotong-royong suke ce mata, hannunka a ciki ya fi duk tsarabar da za ka kai.

Babbar shawarata ita ce ka ci kaɗan a gidan farko. Yawon Sallarsu rumah terbuka ne, gida a buɗe, kusan duk watan Shawwal, kuma kowane gida sai an ce "tambah lagi", ƙara. Gida bakwai muka shiga a rana ɗaya a Sallarmu ta farko. Ka canza 'yan ƙananan kuɗi ka sa a koren ambulan saboda yara, goron Sallarsu ke nan, duit raya. Kai ma da yake ɗalibi ne kuma ba ka yi aure ba, in tsohuwa ta miƙo maka ka karɓa da hannu biyu.

TAMBAYA: Malama, 'yata za ta tafi karatu. Tunda ƙasar Musulmi ce, ko'ina za ta iya cin abinci? Daga wani uba, Gombe.

AMSA: Alhaji, ba ko'ina ba. Ƙidayar 2020 ta nuna Musulmi kashi 63.5 ne cikin ɗari, sauran akwai masu cin alade da masu girki da giya. Bamalaye dai Musulmi ne, tsarin mulkin ƙasar ma a sashe na 160 haka ya bayyana shi, don haka rumfar Malayawa da shagunan Indiyawa Musulmi da ake kira mamak ba su da matsala. A sauran wurare ta nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, a ƙofa ko a jikin kaya. Rubutun "babu alade" kawai da wasu shaguna ke liƙawa ba shaidar halal ba ne, bai ce komai a kan yanka ko giyar girki ba. Ta san kalmar babi, alade ke nan, ta kuma guji bak kut teh, farfesun alade ne ko da ta ji sunan kamar na shayi. A manyan kantuna kayan da ba halal ba ɗakinsu daban, da wurin biyan kuɗinsu. Malayawa Shafi'awa ne, suna da tsanani sosai a kan najasar kare da alade, za ta samu natsuwa a cikinsu.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne daga Nijeriya suka ɗauki irin kwakwar manja bayan samun 'yancin kai? Kuma suna miya da manja? Daga wani malamin makaranta, Kaduna.

AMSA: Malam, itacen asalinsa na Afirka ta Yamma ne, wannan ba musu. Amma ya riga 'yancin kai zuwa can da nisa. A 1848 aka dasa tsiro huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jawa na Indonesiya, a 1917 kuma wani Bafaranshe, Henri Fauconnier, ya buɗe gonar kasuwanci ta farko a Tennamaram, nan jihar Selangor inda na zauna. Abin da yake min ciwo shi ne in bi hanya awa biyu ba abin da nake gani sai itacen ƙasarmu a jere, an kula da shi. Jan manja kuwa ba su cika girki da shi ba. Tacewa suke yi ya koma fari kamar man gyaɗa. Mai son ja irin namu sai shagunan 'yan Afirka.

TAMBAYA: Yaya, mijina ya yi karatu a can, kullum zancensa wani nama mai suna rendang. Ina so in ba shi mamaki da Babbar Sallah. Zai yiwu da kayan kasuwarmu? Daga wata uwargida, Kano.

AMSA: Zai yiwu 'yar'uwa, ni ma duk layya sai na yi. Asalinsa girkin ƙabilar Minangkabau ne ta yammacin Sumatra a Indonesiya, su suka ƙetaro da shi jihar Negeri Sembilan, ya bazu. Dabara ce ta adana nama a ƙasa mai zafi da damshi: a dafa shi cikin madarar kwakwa har ruwan ya ƙone, man kwakwar ya soya shi. Abin da suyar layya take mana, shi yake musu.

Ga nama kilo ɗaya, na sa ko na rago marar kitse, ki nemi busasshiyar kwakwa uku masu nauyi. Ki goge su duka. Biyu da rabi ki zuba musu ruwan ɗumi ki matse a tsumma mai tsabta. Matsar farko mai kauri ki ajiye ta daban, ta biyu mai ruwa-ruwa daban. Rabin da ya rage shi ne sirrin girkin. Ki zuba shi a busasshen kasko ba mai, wuta kaɗan, ki yi ta juyawa har ya yi ja kamar soyayyar gyaɗa, sannan ki daka shi da zafinsa a turmi har ya fara tsatso mai, kamar yadda tunkuza take yi. Kerisik ke nan. Mak Cik a turmin dutse take dakawa, ta ce na inji ba ya fitar da man.

Ki jiƙa busasshen dogon barkono kamar goma sha biyar a ruwan zafi, ki zubar da 'ya'yan, ki markaɗa da albasa huɗu, tafarnuwa, ɗanyar citta mai yawa da ɗan kurkum. Suna sa wata saiwa 'yar'uwar citta, lengkuas, wadda da wuya ki samu a nan, ƙarin cittar zai rufe. Abin da ba na so ki rasa shi ne ganyen shayin nan mai ƙamshin lemo da ake shukawa a tsakar gida. Gindinsa fari ake so, ki tsige huɗu ki ƙwanƙwasa su. Ki soya markaɗen a mai da sandar kirfa da kanumfari uku. A nan ake gane mai haƙuri. Sai man ya rabu da markaɗen ya taso sama ja, abin da suke kira pecah minyak. Ranar da na fara koyo na ɗauko nama zan zuba tun bai kai ba, Mak Cik ta riƙe wuyan hannuna, ba ta ce komai ba, ta nuna min gefen kasko da ido. Muka tsaya kusan minti goma muna kallo har man ya kewaye. Ban taɓa ganinta da ma'auni ba, komai agak-agak, kintace, sai dai wannan matakin ba ta yi masa kintace.

Daga nan ki zuba nama ki juya, ki bi da madarar mai ruwa-ruwa da gishiri, kada ki rufe tukunya. In nama ya fara laushi ki zuba mai kaurin, da ruwan tsamiya kamar cokali biyu, da ɗan gutsuren mazarƙwaila. Ki rage wuta, ki riƙa juyawa don kada ya kama. Zai fara zama miya mai ruwa, ya koma mai kauri ruwan ƙasa, a nan za ki zuba kerisik da yankakken ganyen lemun tsami biyu ko uku. Masu gaggawa a nan suke saukewa, Minangkabau kuma ba su kiran wannan rendang, kalio suke ce masa. Ki ci gaba har ya bushe ya yi duhu, yajin ya manne a jikin naman. Awa uku zuwa huɗu za ki yi, rabin awar ƙarshe a tsaye, ludayi a hannu. Ki yi shi ran Sallah da yamma ki ba shi washegari, kwana yana ƙara masa daɗi. Da farar shinkafa suke ci ko lemang, amma a gidana da waina muke ci, sinasir ma yana ɗauka.